Tattaki da Agogo: Daga Duwatsun Amurka Zuwa Bakin Kanal na Kura da Bunkure

A daren 21 ga Satumba 2024, wata Ba'amurkiya mai suna Tara Dower, 'yar shekara 31, ta isa ƙolin dutsen Springer da ke jihar Jojiya, bayan ta taso a ƙafa tun daga dutsen Katahdin na jihar Maine. Tsakanin duwatsun biyu akwai wata turbar daji da ake kira Appalachian, wadda ta ratsa jihohi 14, tsawonta kuma ya haura kilomita 3,500. Ta cinye ta cikin kwana 40 da awa 18 da 'yan mintoci. Kafin ita, babu mace ko namiji da aka san ya taɓa gama turbar da wannan sauri.

Wanda ya saba da hanyar Zariya zai fi gane lissafin idan aka kawo masa shi gida. Kusan kilomita 87 ke nan a kowace rana. Wato ka yi sallar asuba a birnin Kano, ka taka har Kura, ka juyo ka koma Kano, ka sake kamo hanyar Kura ka yi nisa kafin ka kwanta. Gobe ma haka, jibi ma haka, har kwana arba'in ba fashi. Kuma ba a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu ba. Hawa ne da gangara, duwatsu da saiwoyin itatuwa, ruwan sama da taɓo. Masu kula da turbar sukan ce idan aka tara hawan da ke cikinta, ya kai a hau dutsen Everest sau 16. Matafiyin da ba tsere yake yi ba yakan share wata biyar zuwa bakwai a kanta, kuma cikin mutum huɗu da suka fara, da ƙyar ɗaya ke kaiwa ƙarshe.

Labari ne na nesa, amma bai kamata ya zama baƙo ga mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam da Bebeji ba. Tun kafin a haƙa kanal na farko, tun kafin a san shinkafar rani da kwandon tumatir, yankin nan hanyar masu doguwar tafiya ce. Ƙafafun da suka bi ta nan sun kai Gwanja, sun kai Agadas, sun kai Makka. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya da agogo yana ƙirga musu.

Yadda suke yi a can

Ba gasa ba ce irin ta filin wasa. Babu alƙalin da zai busa usur, babu kofi, yawanci ma babu ko sisin kwabo na lada. Mutum ne zai zaɓi ranar da ya ga dama, ya sanar da duniya niyyarsa tun kafin ya tashi, ya rataya wata 'yar na'ura da ke aika wa tauraron ɗan'adam inda yake bini-bini, ta yadda kowa zai iya bin sawunsa daga gida. In ya gama, sai ya miƙa bayanan na'urar da hotuna da rahoton yadda tafiyar ta kasance ga masu tantancewa. Wasu 'yan jihar Kolorado biyu, Peter Bakwin da Buzz Burrell, su ne suka yi wa al'adar tsari tun wajen shekara ta 2000, kuma shafin intanet na Fastest Known Time da ya fito daga hannunsu shi ne kundin da ake komawa yau.

Sun kasa abin gida uku, kuma a nan ne hikimar take. Akwai mai tafiya da 'yan rakiya, waɗanda ke jiransa da mota a duk inda turbar ta ƙetare titi, da abinci da busasshen takalmi da wurin kwana. Akwai mai dogaro da kansa, wanda zai iya shiga gari ya sayi abinci a kanti kamar kowa, amma ba wanda zai zo takanas domin shi. Na ukun shi ne wanda ya ɗauko komai a bayansa tun daga farko, ruwa kawai aka yarda ya ɗiba a hanya. Ba a haɗa lokacin wannan da na wancan, domin ba wahala ɗaya suka sha ba.

A 2011 Jennifer Pharr Davis ta gama turbar Appalachian cikin kwana 46 da awa 11 da minti 20, mijinta na biye da ita a mota. Abin lura game da ita shi ne ba gudu ta yi ba. Tafiya ta yi, amma tana tashi tun da duhu, ba ta tsayawa sai dare ya raba. Shekara huɗu bayan haka Scott Jurek, wanda ya yi suna a tseren dogon zango a duniya, ya zo ya karɓe kambun, sai dai da ya gama gudunsa duka, awa uku da 'yan mintoci kaɗai ya iya ragewa a kan lokacinta. Karl Meltzer ya sauko da shi zuwa kwana 45 da awa 22 a 2016. A shekara mai bi, Joe McConaughy ya ba kowa mamaki: shi kaɗai, ba 'yan rakiya, ya yi kwana 45 da awa 12. Sai wani likitan haƙori ɗan ƙasar Beljiyam, Karel Sabbe, ya zo a 2018 ya yanke fiye da kwana huɗu a tashi ɗaya, ya tsaya a kwana 41 da awa 7 da minti 39. Wannan lokacin ne ya yi shekara shida ba wanda ya taɓa shi, har Dower ta rage masa awa 13.

Duk wanda ya zauna da waɗannan alkaluma zai ga cewa ba saurin ƙafa ne ke yanke hukunci ba. Mai tafiyar kilomita biyar a awa, in zai ci kilomita 87, sai ya yi fiye da awa 17 a tsaye. Abin da ya rage na yini da dare shi zai raba tsakanin barci da cin abinci da wanke bororon ƙafa. Saboda haka a zango ake cin wannan gasa ko a faɗi: minti nawa ka ɓata kafin ka tashi, wa ya dafa abincin, ya iso mahaɗa kafin ka iso ko kai ne ka zauna jiransa. Tsohon madugu da ya ji wannan bayani ba zai ga sabon abu a ciki ba.

Namu tattakin

Mu ma mun yi zamanin da tattaki ya cika jaridu. Da aka bayyana Muhammadu Buhari a matsayin wanda ya lashe zaɓen 28 ga Maris 2015, wani ɗan asalin jihar Katsina, Suleiman Hashimu, ya kama hanya daga Legas zuwa Abuja a ƙafa, domin cika alkawarin da ya ce ya ɗauka tun da daɗewa. Jaridu sun ruwaito cewa ya yi kwana 18 a kan tafiyar kilomita wajen 750, yana fita da safe ya yada zango da magariba a duk inda dare ya riske shi. A garuruwan da ya ratsa an tare shi da kiɗa da babura, kuma Buhari da kansa ya karɓe shi a Abuja. Idan aka raba, kilomita 40 da 'yan kai ke nan a rana, a watan Afrilu, a kan kwalta mai zafi, tirela na wucewa ta gefensa. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk mai raina shi ya gwada zuwa Kura daga Kano sau ɗaya ya gani.

Abin sha'awa, irin wannan ne ya haifi wasan tafiya a Amurka. A 1860 wani saurayi mai suna Edward Payson Weston ya yi musu da abokinsa a kan zaɓe, ya ce Abraham Lincoln ba zai ci ba, suka sa sharaɗin cewa wanda ya faɗi zai taka daga Boston zuwa Washington ya ga rantsarwa. Lincoln ya ci. Weston ya tashi a watan Fabrairu 1861, cikin ƙanƙara da taɓo, ya yi kilomita wajen 770 cikin kwana 10 da awa 10, ya iso ranar 4 ga Maris bayan an riga an gama rantsarwar. Nisan kusan ɗaya ne da na Hashimu, dalilin ma siyasa ce. Inda aka rabu shi ne abin da ya biyo baya. Bayan Weston aka samu alƙalai da masu riƙe agogo da 'yan jarida masu bin mai tafiya gari-gari, har ta kai ana cika manyan zaurukan New York da Landan domin kallon gasar tafiyar kwana shida. Shi kansa Weston ya mai da abin sana'a, kuma a 1909, yana da shekara 70, ya taka daga New York zuwa San Francisco cikin kwana ɗari da 'yan kai.

Mu kuwa abin da ya biyo bayan Hashimu shi ne tururuwar masu tattaki zuwa ƙofar manya. Wannan zai je taya gwamna murna, wancan zai je gaida sanata, aka sake yi a 2019, aka kuma yi a 2023. Ba wanda ke tambayar awa nawa aka yi. Abin tambaya shi ne, an samu ganin mai gidan? An ba da mota ko kujerar Makka? Kuma da yake ba na'ura ba shaida, duk wanda ya iso sai ka ji ana raɗa cewa ai da dare mota yake hawa. Mai gaskiya a cikinsu ba shi da abin da zai kare kansa da shi, maƙaryaci kuma ba abin da zai tona shi. A ganina wannan ne babban zaluncin da aka yi wa waɗanda suka taka da gaske.

Ga kuma abin da tafiyar ke bari a jiki. Ɗahiru Buba, mutumin Dukku, ya taka daga Gombe zuwa Abuja a 2015 cikin kwana 15. A 2020 labarinsa ya sake fitowa, wannan karon yana fama da ciwon ƙafa, har gwamnatin jihar Gombe ta ɗauki nauyin jinyarsa. Masu kafa tarihi a Amurka sukan yi watanni suna shiri, da takalma bila adadin da masu duba lafiyarsu. Namu sukan tashi da takalmi ƙafa ɗaya da ƙarfin zuciya.

Hanyar Gwanja ta bi ta nan

A Bebeji, ba nisa da Kura da Bunkure, aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Gidansu gidan Agalawa ne, mahaifinsa Abdullahi madugu ne, kuma Bebeji a lokacin zango ce a kan hanyar fatake. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Ayari kan tashi da kanwa da fata da tufafi, ya nufi yamma maso kudu, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, a arewacin Gana ta yau. Tafiyar ta haura kilomita dubu, zuwa kawai. Ana yin watanni, wani lokaci shekara kan zagayo kafin a ga mutum a gida.

Ayarin yana da tsarinsa. Madugu ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, shi ke yanke ranar tashi. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki kuma na cikin manyan mataimakansa. Mutane ɗaruruwa, wani lokaci sama da dubu, da jakuna da takarkarai, da 'yan alaro masu kaya a kan gammo, da mata masu dafa abinci waɗanda su ma da nasu kayan a ka. Zangon da suke ci a rana gajere ne, domin ayari ba ya wuce saurin jakinsa mafi rauni. Amma kada a ɗauka ba su da agogo. Goro ɗanye ne. In ya bushe ya tashi daga aiki, in ƙwaro ya shiga huhu ɗaya sai ya lalata saura, saboda haka ana tafe ana kwance shi ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Ga damina a bayansu: in ruwa ya sauka koguna suka cika, an makara. Kowace rana da aka ƙara a hanya riba ce ke zagwanyewa. Madugun da ya san inda zai rage kwana biyu ba tare da ya kashe jakuna ba, shi ne wanda fatake ke rububin bi baɗi.

Ita Kura ta arewa ta fi kallo. Marinanta da masu bugunta sun yi suna da turkuɗi mai sheƙi wanda Buzaye ke naɗawa, har ana kiran irin wannan baƙin yadi 'yan Kura. Waɗanda ke sayensa su ne masu ayarin gishiri, kuma a cikin dukan matafiyan da ƙasar Hausa ta yi hulɗa da su, su ne suka fi kusa da salon masu kafa tarihi na yau. Tsakanin Agadas da Bilma akwai hamadar Tenere, tafiyar kilomita wajen 600, Faci ce kaɗai wurin hutawa na kirki a tsakiya. Ruwan da ke cikin salka da harawar da ke kan raƙumi ƙidayayyu ne, don haka ayari kan tashi da safe ba ya tsayawa sai dare ya yi nisa. A tafe ake cin abinci, a tafe ake shan shayi. Wanda ya tsaya sai ya sassarfa ya cim ma saura. A ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007, wasu 'yan tsere uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, sun ƙetare Sahara daga gaɓar Senegal zuwa Bahar Maliya cikin kwana 111, suka bi ta Agadas, motoci da likita da masu ɗaukar fim na biye da su. Duniya ta san sunayensu. Yaran Buzaye da ke jan akalar raƙuma a wannan rairayi duk shekara, ba wanda ya rubuta nasu.

Ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ƙafa a wannan yanki da aka rubuta kwanakinsu dalla-dalla, ta masu mamaya ce. Rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanya, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarkin Kano Alu yana Sakkwato. Kilomita wajen 150 cikin kwana shida, da yaƙi a tsakiya. Hafsoshin a kan dawakai suke. Waɗanda suka taka su ne sojoji baƙar fata da 'yan dako masu ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa, kowanne da kaya mai nauyin kilo 27 ko kusa da haka, kamar yadda Turawa suka saba aunawa. A rahotannin da aka aika Landan sunayen hafsoshi ne suka fito. Shekara takwas bayan haka, a 1911, layin dogo ya iso Kano, kuma daga nan hanyar Gwanja ta ƙara ja baya. Ɗantata ma ya riga ya gane cewa jirgin ruwa ya fi jaki saurin kai goro Legas, daga baya kuma ya koma sayen gyaɗa. A yau masana'antar tumatir da kamfanin zuriyarsa na gidan Ɗangote ya buɗe a 2016 tana Kadawa, ba nisa da garin da aka haife shi.

Waɗanda ba su yi sauri ba

Akwai kuma tafiyar da ba a yi ta domin a isa da wuri ba. Kafin jirgin sama, mai niyyar aikin hajji daga ƙasar Kano yakan yi sallama da dangi kamar ba zai dawo ba, ya nufi gabas: Barno, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Al-Junaina, Al-Fashir, Al-Ubayyid, har gaɓar teku a Sawakin. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago shekara ɗaya ko biyu, a tara, a ci gaba. Wasu a hanya aka haife su, a hanya suka yi aure. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har gobe.

Da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 suka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, hannun waɗannan mahajjata ya yi yawa a cikin tsinkar audugarsa. Dubbai sun yada zango a bakin kanal na Sudan da niyyar kaka ɗaya, jikokinsu na can har yanzu suna jin Hausa. Wato dai tun kafin Kano ta yi nata aikin noman rani, mutanenta sun riga sun taka dubban kilomita sun je sun yi wa wasu nasu.

Turbar da injiniyoyi suka auna

Namu ya zo ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ba tare da inji ba, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya watsu cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. A 'yan shekarun nan an yi masa babban gyara da kuɗin Bankin Duniya, aka yashe magudanai, aka gyara ƙofofin ruwa da hanyoyin da ke gefensu.

Waɗannan hanyoyi na gefen kanal su ne abin da ya ja hankalina. Duk abin da turbar Appalachian ke da shi wanda hanyar Legas zuwa Abuja ba ta da shi, suna da shi. Turba ce tsayayya, ba ta canzawa. An aune ta, tana cikin taswirar injiniyoyi. Kowace gada da kowace ƙofar ruwa alama ce da ba a musu a kanta. Babu tirela, babu tankar mai. Ga ƙauyuka jere, inda za a sami ruwan sha da masallaci da mai shayi, da kuma idon shaida, domin a lokacin noman rani ba a rasa mutum a gona tun daga asuba har faɗuwar rana.

Kuma ana taka ta kullum, ba don tarihi ba. 'Yan ƙwadago masu dashen shinkafa, waɗanda da yawansu 'yan cirani ne daga wasu jihohi, sukan fito da duhu su taka zuwa gonar da aka ɗauke su, su wuni a sunkuye cikin ruwa, su tako su dawo. Mata masu kala da masu sussuka suna bin girbi daga wannan fage zuwa wancan. Makiyaya na zagaye gefen gonaki da shanu suna neman inda burtali bai toshe ba. Matan Fulani na ɗauko ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwa su koma. Babur ya rage wa mutane da yawa wannan wahala, musamman masu kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan, amma wanda kuɗin acaɓa zai cinye masa rabin ladan yini ya san abin da zai zaɓa.

Zancen mata ba na cika baki ba ne. A gajeren tsere maza ke gaba, amma in tafiya ta kai makonni tazarar kan tsuke, shi ya sa sau biyu cikin shekara 13 mace ta riƙe kambun Appalachian a kan kowa da kowa. Mace ta farko da ta gama turbar ita kaɗai a tashi ɗaya, Emma Gatewood, ta yi hakan ne a 1955 tana da shekara 67, bayan ta haifi 'ya'ya 11 ta kuma shafe shekaru a aikin gona. Da takalmin kambas ta yi tafiyar, da ɗan buhu a kafaɗa.

Ba ina cewa bakin kanal aljanna ba ne. Ruwan da ke gudu a ciki ba na sha ba ne, ga taki da maganin feshi, kuma tsargiya tsohuwar matsala ce a duk inda ake noman rani, don haka mai zafin ƙafa ya yi haƙuri da tsoma ta a ciki. Da magariba sauro ne ke mulki. Inda kacala ta yi duhu ba a rasa maciji. Tafiyar dare sai da sanin mai unguwa da 'yan sintiri, in ba haka ba baƙon da ke yawo da tocila a gefen gonar mutane zai sha tambayar da ba ta da daɗi. Lokaci ma sai an zaɓa: a Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, a damina hanyar kan yi santsi, saboda haka Disamba da Janairu ne suka fi, lokacin da hunturu ke sa mutum ya taka har azahar bai galabaita ba, ko da yake ƙura da faso na jiransa.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. A sami izinin hukumar da ke da kanal. A tsayar da wurin tashi, misali bakin madatsar Tiga, da wurin sauka a cikin garin Kura, a bayyana reshen da za a bi. Wayar hannu mai GPS ta isa ta rubuta sawu, in an haɗa ta da abin cajin tafi-da-gidanka. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda dama suna da shugabanni a kowane sashe, za su iya sa hannu cewa mutum ya wuce ta gabansu da ƙarfe kaza. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da motsa jiki da lafiya wanda ɗalibansa ke neman abin bincike. A kuma raba tun farko tsakanin wanda babur ke bi da ruwa da abinci, da wanda ya rataya gorarsa.

In an yi haka, ban sa ran ɗan wasan da ya zo daga birni da takalmi mai tsada zai daɗe da kambun ba. Zan fi sa ido a kan wani yaron makiyaya daga rugagen gefen Tiga, ko ɗaya daga cikin masu dashen shinkafar Bunkure, in har an iya shawo kansa ya bar aikin yini guda, aka kuma biya shi ladan ranar.